Dan Allah ku daina buga hoton talaka ranar da kakarsa ta yanke saƙa

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya taimaka. Ni dai na daɗe ina karanta jaridar nan amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, kuma gaskiya ba yabo na kawo ba ƙorafi ne, ka daure ka karanta har ƙarshe ko da bazaka buga ba.

Abun da ya dameni shine wata ɗabi'a taku ta 'yan jarida, ba ku kaɗai ba har da na rediyo da talabijin da yaran nan masu yawo da waya suna ɗaukar bidiyo. Da zarar ance wani talaka ya samu kuɗi masu kauri dare ɗaya, ko diyya aka biyashi, ko gado ya faɗo masa ta inda bai zata ba, ko wani dutse mai daraja ya tono, ko wani mai hali ya tausaya masa ya masa kyauta, sai kaga an tsayar dashi gaban kyamara, ga cikakken sunansa ga unguwarsu ga adadin kuɗin ba'a rage ko sifili ɗaya ba, wani lokacin har da ƙofar gidan nasa wadda ko sakatar kirki bata da ita. Ku a wajenku labari ne mai daɗi, dare ɗaya Allah kan yi Bature, kowa ya karanta yace masha Allah. Toh ni na zauna katanga ɗaya da irin wannan gidan, naga abun da ke biyo bayan hoton da idona.

Maƙwabcina ne, Allah ya jiƙansa, lebura a wajen gini, ya faɗo daga sama yana kan aiki ya rasu ya bar mace ɗaya da yara biyar. Kusan shekara biyu matar nan tana wahala, wankau take yi tana ɗinki, babban ɗan yana koyon gyaran mota, kuma a duk tsawon wannan lokacin 'yan uwan mamacin da suka leƙo gidan bayan an share makoki bazasu wuce mutum biyu ba, ni shaida ne domin ko yaro ne ba lafiya cikin dare ƙofata ake bugawa. Ana nan sai Allah ya kawo wani lauya mai tausayi ya bi mata kadi har kamfanin ya yarda zai biya diyya. Ranar biya kamfanin suka ga ai dama ce ta wanke kansu a idon duniya, suka gayyaci masu ɗaukar hoto, aka miƙa mata wani ƙaton kwali mai siffar cek tana riƙe da gefe ɗaya manaja na riƙe da ɗaya gefen yana murmushi. Ita ko kallon kyamarar bata iya yi ba don kunya. Kafin ta dawo gida labari ya rigata isowa.

Malam Edita wallahi kwana uku ba'a yi ba gidan nan ya koma kamar tashar mota. Baffan yaran da ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba ya iso da jakarsa yace shi ne uba yanzu, kuɗin marayu ba'a barinsu hannun mace. Gwaggonsu ta zo da lissafin wani bashi da tace mamacin ya ci a hannunta shekara goma da suka wuce, ba shaida ba takarda. Ta ɓangaren ita matar ma kar ka ɗauka an barta, yayanta ya zo da maganar wata sana'a da yace in aka zuba kuɗin wata shida sun ninka, kawunta kuma aikin ido za'a masa. Har wani mutum da ba wanda ya sanshi ya zo yace shi abokin mamacin ne na ƙut da ƙut tun suna yara, ya zauna ya yi kukansa harda majina, shekara biyu bayan mutuwa fa.

A nan nake so a fahimceni, domin mutane suna saurin cewa ai talaka ne bai iya kuɗi ba, bai saba ba, shi yasa suke lalacewa a hannunsa. Ni ban yarda nan ne asalin matsalar ba. Shi mai kuɗin da ya tara a hankali, katangarsa tana tashi ne tare da dukiyarsa, shekarar da ya samu kaza ya sa ƙofar ƙarfe, ta gaba ya ɗauki maigadi, ya san manajan banki ya san lauya, ya koyi yadda ake cewa babu ba tare da an yi faɗa ba, 'yan uwansa ma sun daɗe da sanin iyakarsu. Shi kuwa talaka kuɗin ne ke riga katangar zuwa. Jiya bashi da abun da ɓarawo zai ɗauka, yau yana da abun da za'a kashe mutum a kansa, amma ɗakin dai shine na jiya, ƙofar ita ce ta jiya, kuma kowa a layin ya san lokacin da yake kwanciya da hanyar da yaransa ke bi su tafi makaranta.

Sannan akwai wani abu da wanda bai taɓa talauci ba bazai gane ba. Talaka da taimakon mutane yake rayuwa, wannan ya ranta masa, wancan ya biya masa kuɗin magani, wata ta riƙe masa yaro, wani ya masa shiru da kuɗin haya wata uku. Duk wannan ba'a rubutawa amma ba'a mantawa. Ranar da ya samu, kowa sai ya buɗe nasa littafin na zuci, kuma da yawansu ba ƙarya suke ba sun taimaka ɗin, matsalar kawai ita ce kowa da kuɗin gaba ɗaya yake auna rabonsa, ba wanda ke tuna cewa akwai mutum hamsin a bayansa masu irin wannan lissafin. In ka ba mutum kaɗan yace ka raina shi, in ka hana yace ka manta alheri, in ka bashi da yawa gobe ya dawo da ƙaninsa. Ni kaina da nake wannan rubutun, tsakani da Allah, akwai daren da na kwanta ina tuna sau nawa na kai yaran nan asibiti, ina cewa a raina ai ko ba komai a tuna dani. Sai da na yi ta istigfari. Toh in ni da nake ganin kaina mai tausayinsu zuciyata ta raya min haka, ina ga wanda dama can ba tausayin.

Kar kace a gidan maƙwabcina kawai ake haka. Akwai wani bawan Allah a jihar Florida ta Amurka mai suna Abraham Shakespeare, yaron mota ne, karatu da rubutu ma sai a hankali. A watan Nuwamba 2006 ya ci irin cacar nan ta tikiti da suke kira lotari, dala miliyan 30, ya zaɓi a bashi a dunƙule ya karɓi miliyan 17. Wanda ya fara maka shi a kotu direban da suke aiki tare ne, wanda Abraham ya aika ya siyo masa tikitin, yace wai sace masa akayi, kotu ta ba Abraham gaskiya a 2007. Shi kansa bai wani yi facaka ba, gida ya siya da mota da agogo, sauran kuɗin mutane ne suka cinye, wannan a biya masa bashin gida, wancan jari, wancan kuɗin binne mamaci, har waɗanda bai taɓa gani ba suna masa layi, shi kuma bai iya cewa a'a ba. Har ta kai yana faɗa wa na kusa dashi cewa da ma yana nan a talakansa da ya fi masa. Ana cikin haka a 2008 wata mata mai suna Dorice Moore ta shigo rayuwarsa, kuma ka ji ta inda ta ɓullo, cewa tayi littafi zata rubuta akan yadda mutane ke cutarsa. Wato a rigar mai ceto ta zo. A hankali gidan da ragowar dukiyar suka koma ƙarƙashin ikonta. A watan Afrilu 2009 aka daina ganinsa, ita kuma ta riƙa tura saƙonni da wayarsa kamar shine, mutumin da rubutu ke ba wahala, tana cewa ya gaji da roƙon mutane ne ya gudu ya ɓuya, kuma da yake kowa ya san an dameshi ɗin sai maganar ta shiga kunne. Sai a watan Nuwamba danginsa suka kai rahoton ɓatansa, a watan Janairu 2010 aka tono gawarsa a bayan wani gida an zuba kankare a kai. A 2012 aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Daga cin kuɗin zuwa kabari ko shekara uku ba'a cika ba.

Kafin shi akwai William Post a jihar Pennsylvania, wanda a gidan marayu ya tashi, ranar da ya ci dala miliyan 16.2 a 1988 abun da ke asusunsa na banki bai kai dala uku ba. Matar da yake haya a gidanta ta kaishi kotu ta karɓi kashi ɗaya cikin uku, ɗan uwansa na jini kuma aka kamashi da laifin ɗaukar hayar wanda zai kasheshi don ya ci gado. Ya rasu a 2006 yana rayuwa da ɗan tallafin gwamnati.

Nasan abun da wani zai ce yanzu, ai wannan kuɗin caca ne, haram dama bata albarka. Na yarda caca haram ce ban musa ba. Amma me za'a ce da ƙabilar Osage, cikin jajayen Indiyawan Amurka? Su ba caca suka yi ba. Turawa ne suka matsa musu suka bar ƙasarsu ta Kansas wajen 1870, suka siyi wata ƙasa mai duwatsu a inda yanzu ake kira Oklahoma wadda ba mai so, ashe man fetur ne kwance a ƙarƙashinta. A 1906 aka yi doka aka raba haƙƙin arzikin ƙarƙashin ƙasar tsakanin mutum 2,229 da ke cikin rajistar ƙabilar, kowa da kasonsa, kuma kason ba'a siyarwa sai dai a gada. Riƙe wannan kalmar, sai dai a gada. A shekarar 1923 kaɗai sama da dala miliyan 30 suka shigo musu. Jaridun wancan zamanin suka yi ta buga labarinsu, ga Indiyawa da manyan motoci ga su da barori, ana yi ana zuzutawa har da ƙarin gishiri, duk wani ɗan damfara da ɗan fashi da ke ƙasar ya kama hanyar Oklahoma. Gwamnati kuma a 1921 tace wai basu iya riƙe kuɗi ba, ta tsaurara dokar naɗa musu turawa masu kula da dukiyarsu, mutum da kuɗinsa sai ya nemi izini kafin ya taɓa, aka ba kura ajiyar nama kenan.

Toh tunda sai ta gado ake samun kason, sai aka koma auren matansu. Wata mata mai suna Mollie tana auren wani bature Ernest Burkhart. A watan Mayu 1921 aka tsinci gawar 'yar uwarta Anna an harbeta, bayan wata biyu mahaifiyarsu ta rasu ana zargin guba, a watan Maris 1923 aka tashi gidan ɗaya 'yar uwar tata Rita da bam cikin dare, ita da mijinta da yarinyar da ke musu aiki duk suka mutu. Kason kowa yana gangarowa yana taruwa a hannun Mollie, ita ma kuma aka fara bata guba a hankali, Allah ya yi da sauran kwananta. Da bincike ya yi bincike sai ga kawun mijinta William Hale, wanda ke kiran kansa aminin ƙabilar yana zuwa musu jana'iza, shine ya kitsa, kuma mijin nata uban 'ya'yanta da suke kwana ɗaki ɗaya yana ciki, da bakinsa ya amsa laifi a 1926. Sai a 1925 aka gyara doka aka hana bare gadon kason masu cikakken jinin ƙabilar ko rabi, bayan an riga an binne mutane da dama. Wannan kuɗin halal ne, arzikin ƙasarsu ne da suka siya da kuɗinsu. Diyyar maƙwabcina ma halal ce, jinin ubansu ne.

Abun da na lura dashi a duk labaran nan, da wuya kaga bare ya zo daga nisa shi kaɗai ya yi ɓarna, da ɗan gari akan ci gari. Abokin aiki ne, ɗan uwa ne, miji ne, ko wanda ya zo yace bari in kareka daga sauran.

Ita kuma maganar cewa talaka in ya samu dole ya watsar, masu bincike sun duba abun kuma ba haka suka gani ba. A Suwidin an bi mutane dubbai da suka ci lotari shekara da shekaru, aka ga yawancinsu a hankali suke kashewa, ko aiki basu cika bari ba sai dai su ɗan rage, kuma bayan shekara goma suna nan sun fi jin daɗin rayuwarsu. A ganina dalilin a fili yake, can kuɗin banki yake shiga shiru, ɗan uwanka in bashi da lafiya akwai asibitin da zai je ba sai ya zo ƙofarka ba, ɓarawo kuma yana shakkar hukuma. A Kenya ma ƙungiyar GiveDirectly ta daɗe tana tura wa talakawan ƙauye kuɗi a dunƙule ta waya, da aka bi sawu sai aka ga rufin kwano suke yi, su siyi dabbobi, su ƙara jari, ba'a ga shaye-shaye ya ƙaru ba kamar yadda masu zagin talaka suka yi ta hasashe. Amma a yammacin Kenyar nan dai an yi wani gwaji a ƙauyuka, aka ba mutane kuɗi aka basu zaɓi, sai aka ga mata da yawa sun gwammace su samu riba kaɗan in dai ba wanda zai san nawa suka samu, musamman in akwai danginsu a wajen. Kaga mace ta yarda ta yi asara don kawai ta siyi sirri. Ita ta san abun da ta sani. Wannan sirrin da talaka ke siya da kuɗinsa shine ku kuke rabarwa kyauta a shafin farko.

Bazan yi son kai ba dai, kwaɗayin ba daga waje kawai yake shigowa ba, a cikin gidan ma yana tsirowa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wajen shiga. Babban ɗan maƙwabcin nawa, yaro mai ladabi wanda in ya ganni da kaya sai ya karɓa, sati biyu da biyan kuɗin ya daina zuwa gareji, yace shi yanzu ya wuce kwanciya ƙarƙashin motar wani. Ya tsaya kai da fata sai an bashi kasonsa a hannu, ya siyi babur da waya mai tsada, abokai suka yi masa caa, waɗanda jiya ko sannu basa masa yau suna kiransa oga. Na taɓa jinsa ta katanga yana ɗaga wa mahaifiyarsa murya yana cewa kuɗin ubansa ne ba na ubanta ba, matar da ta yi shekara biyu hannunta cikin ruwan wanki saboda su. Allah da kansa ya faɗa a suratul Alaƙ cewa mutum yana ɗagawa in ya ga ya wadata, kuma ayar bata ware talaka ko mai kuɗi ba. Ita ma uwar, Allah ya bata haƙuri, ta ɗan taɓa nata, ta canza kayan ɗaki ta yi sutura masu tsada, wanda ni ban ga laifinta ba mace ta sha wuya, amma duk wanda ya shigo ya gani sai ya fita yana cewa kuɗin sun fi yadda aka faɗa.

Har maƙwabta abun baya bari. An yi bincike a Kanada aka ga in mutum ya ci lotari, iya girman abun da ya ci iya yadda maƙwabtansa na kusa ke ƙara faɗawa cikin karyewar bashi a shekarun da ke biye, kuma abun da suke cin bashin a kai irin wanda ido ke gani ne kamar mota. A Holan ma an ga maƙwabcin wanda ya ci yana saurin canza mota. A layinmu ba'a kai ga mota ba amma an yi ƙananan irinta, matan aure biyu na sani da suka tada wa mazajensu hankali akan kujeru.

Sai kuma daren da nake gudun faɗa. Wajen wata biyu da fitowar hoton, ƙarfe biyun dare muka ji ihu. Mutum huɗu ne suka haura, kuma basu yi lalube ba, kai tsaye ɗakinta suka nufa suna kiran sunanta suna faɗin adadin kuɗin daidai yadda aka buga. Tace musu kuɗi suna banki, suka ce ƙarya take, suka doketa da gindin bindiga har haƙoranta biyu suka fita, suka sa wa autan wuƙa a wuya, yaro ɗan shekara shida, sai da ta tura musu abun da waya zata iya turawa a daren ta haɗa musu da ɗan abun da ke gida da babur ɗin. Mu maƙwabta muna ji muna kwance, wallahi ba wanda ya iya fitowa, kuma har gobe in na tuna sai naji kunyar kaina. Daga baya da aka kama biyu daga cikinsu sai ga shi wanda ya zana musu gidan ɗaya ne cikin sabbin abokan babban ɗan, yaron da ya sha zama a tsakar gidan yana ce mata Mama.

Abun da ya rage kuma baffa da yaya suka ƙarasa. Sana'ar da za ta ninka a wata shida har yau ba uwa ba riba, in ta tambaya yace kasuwa ce ta juya, zumunci ya hana ta kai ƙara. Baffan ya karɓi kason ƙananan yaran da sunan zai siya musu fili, an dai nuna mata wata takarda sau ɗaya daga nesa. Yanzu dangin miji basa magana da dangin mata, babban ɗan baya magana da baffansa, gwaggo tana yawo tana cewa an cinye mata bashi.

Hausawa na cewa hassada ga mai rabo taki ce, ni dai a gidan nan ban ga abun da ta tsirar ba. Annabi Yaƙubu ma, annabi ne guda, da ɗansa Yusuf ya faɗa masa mafarkin ɗaukaka cewa yayi kar ka ba 'yan uwanka labari, mafarki fa kawai, ko sisi bai shigo hannu ba tukun, kuma 'yan uwa ne uba ɗaya. Waɗanda suka san kan duniya a yau ma haka suke yi. A 2018 wata mata a jihar New Hampshire ta Amurka ta ci kusan dala miliyan 560, maimakon ta ruga karɓa sai ta ruga kotu tana neman kar a bayyana sunanta, alƙali kuma ya bata gaskiya. A Chana masu cin irin wannan kuɗin da abun rufe fuska suke zuwa karɓa, wani a yankin Guangxi a 2022 da ya ci yuwan miliyan 219 cikin rigar 'yar tsana ya je, yace ko matarsa da ɗansa bai faɗa wa ba don kar su sangarce. Wannan kam ya wuce gona da iri a ganina, haƙƙin iyali daban ne, amma dai kaga inda tsoron ya kai mutum. Matar New Hampshire tana da lauyoyi tana da 'yan sandan da in ta kira zasu zo, duk da haka ta ji tsoron sunanta ya fita. Ita kuwa maƙwabciyata ko tambayarta ba'a yi ba, cewa akayi Hajiya matso nan ki riƙe, ɗan ɗago kanki.

Toh Malam Edita roƙona ba mai yawa bane. Ban ce ku daina kawo labarin alheri ba, in kamfani ya biya haƙƙi ku faɗa, in mai kuɗi ya yi kyauta ku yaba masa ko wani zai yi koyi, ku sa hoton manajan da shi mai kyautar tunda su suke so a gansu kuma suna da maigadi. Amma shi wanda aka ba, ku sakaya sunansa, ku rufe fuskarsa, kar ku faɗi unguwa, adadin ma in ba dole ba ku barshi. Na ga kuna rufe fuskar wanda ake zargi da laifi saboda kar a shiga haƙƙinsa, to marainiya da uwar marayu basu kai a musu haka ba? In ma shi talakan ne da kansa yace a ɗaukeshi don murna ta ɗebeshi, ku da kuka fishi sanin inda hoto ke zuwa ku ja shi gefe ku faɗa masa gaskiya, minti biyu ya isa. Kuma in da hali wata rana ku tura wakilinku ya koma gidajen da kuka taɓa bugawa shekara biyu ko uku baya, ya je ba kyamara, ya zauna ya ji yadda aka ƙare.

Ita dai maƙwabciyar tawa ta tashi daga layinmu, tace bata iya barci a ɗakin, autan ma ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya saki fitsari. Babban ɗan ya koma garejin da ya raina, maigidan nasa mutumin kirki ne ya karɓeshi. Kwanaki na haɗu da ita a hanya ɗauke da ƙullin wanki, muka gaisa, tana magana tana kare bakinta da mayafi saboda haƙoran. Tace min har yanzu akwai masu zuwa neman rance wajenta, domin hoton yana nan a intanet, duk wanda ya rubuta sunanta shi yake fara gani, tana riƙe da kwalin.

Na gode da haƙurin karantawa, a gaida ma'aikata.

Naku,
wani mai karatu